Ihun kokatu ya hana mu sakat, masu kiwon aku ku taimaka da shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum mutanen gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, nasan yawancinku kaji da tattabaru da zabi kuke kiwo amma naga lokaci lokaci ana maganar aku a nan shi yasa nace bari in kawo kukana. Ni a Sidni nake zaune ta ƙasar Ostireliya, aikin nas nakeyi, wata uku kenan da muka karɓi wani tsuntsu dangin aku da ake kira kokatu, fari ne tas da zanko ruwan ɗorawa a kansa, girmansa kamar budurwar kaza. Na wata tsohuwa ne baturiya maƙwabciyarmu, shekara 26 yana hannunta tun yana ɗan tsako, da ƙarfinta ya ƙare 'ya'yanta suka kaita gidan kula da tsofaffi kuma can basa yarda mutum ya zauna da dabba, ranar da zata tafi ta riƙe hannuna tana kuka tace in riƙe mata Cali, na kasa cewa a'a tunda matar nan ita ta riƙa duba min Ilham lokacin da muka zo ƙasar bamu san kowa ba.

To matsalar ihu ne. Wlh ba ƙaramin ihu ba, irin wanda kunnenka zai ɗauki zuuu bayan ya gama. Da asuba zai fara, in na fita daga falo zai fara, in na ɗaga waya ina magana da gida zai fara, gab da magariba kuwa ba'a magana. Na auna da wata manhaja a waya ina kusa da kejin ya haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, mu kuma a wajen aiki an koya mana ko 85 ce in mutum yana wuni a cikinta awa 8 kullum tana lalata ji. Shekaranjiya muka tarar da takarda a ƙofa wani maƙwabci yace in ba'a yi wani abu ba zai kai ƙara, gidan kuma haya muke. Abban Ilham ya fara cewa a nemi inda za'a kaishi. Na gwada tsawa, na gwada lulluɓe kejin, na gwada bashi abinci in ya fara, na gwada ɗora shi a kafaɗa, duk sai yayi shiru na ɗan lokaci ya dawo fiye da da. Amana ce a hannuna bana so in ci, ku taimaka min.

Abban Sadiq:
Wa alaikumussalam Hajiya. Gsky ni shawarata ki bi maganar maigidanki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tsuntsun da ya shekara 26 da halinsa ba yanzu zaki canja shi ba, kuma kina ƙasar mutane bai kamata tsuntsu ya haɗa ki da hukuma ko ya raba ku da muhalli ba.

Ummu Fadila:
Allah sarki, tsohuwar ta bani tausayi. Anti ni ina da aku a nan Kaduna shekara 7, in ta dame ni da surutu zani mai kauri nake yafa ma kejin take yin tsit. Kodai zanin da kike sakawa haske na shiga ne?

Mai Aku Kano:
Hajiya ni na taso na tarar da aku a gidanmu, babana ma a gidansu ya tarar. abinda muke yi in ta fiye kara sai a dan watsa mata ruwa a fuska, sau biyu sau uku zata gane. dabba sai da horo, in kika nuna masa kina tsoronsa to ya hau kanki kenan

Dakta Zariya:
Salam. Maman Ilham kafin kowa ya baki magani bari in miki tambayoyi, don ruwa baya tsami banza. A ina kejin yake a gidan, ƙarfe nawa ake kashe fitila a wajen kuma ƙarfe nawa ake kunnawa? Me yake ci, kuma a kwano ake zuba masa ya wuni yana ɗiba ko kuwa? In ya fara ihun, me kike yi a daƙiƙar farko, ba abinda kike ganin ya kamata kiyi ba, ainihin abinda ƙafarki da bakinki suke yi. In kina shafa shi wane waje kike shafawa? Sannan tunda ya zo hannunki likitan tsuntsaye ya taɓa ganinsa? Ki amsa min waɗannan dalla dalla. Malam Mai Aku da Ummu Fadila zan dawo kan maganarku insha Allah.

Maman Ilham:
Ngd Dakta. Kejin a falo yake kusa da taga. Abban Ilham yana kallon labarai ko ƙwallo har sha ɗaya wani lokacin sha biyun dare, in ina aikin yamma kuma sai wajen sha ɗaya nake shigowa in kunna fitila in ɗumama abinci. Yanzu nan bazara muke shiga, Nuwamba rana tana da tsawo, asuba wajen ƙarfe huɗu take, to muna tashi mu kunna fitilar falo don nan muke sallah, daga nan shikenan ya tashi. Abinci kuwa buhun da tsohuwar ta bar mana ne, yawanci 'ya'yan sanfulawa, furen nan mai bin rana, da ɗan dawa da masara, cika kwano nake da safe. In ya fara ihu gsky da gudu nake zuwa saboda tsoron maƙwabta, ina cewa Cali yi shiru, Cali yi shiru, wani lokacin da ƙarfi sosai, in yaƙi sai in buɗe in ɗauko shi ko in miƙa masa gyaɗa. Shafawa kuma yana son a shafa masa baya da ƙarƙashin fiffike, har kwantawa yake a cinyata kamar mage. Likita bamu kaishi ba tukuna.

Dakta Zariya:
Yauwa, yanzu abin ya fito fili. Ki ɗan yi haƙuri zan yi tsawo.

Da farko dole ki raba ihun gida biyu. Akwai wanda halitta ce, shi wannan ba mai hana shi. Kokatu a daji garke suke yawo, da sassafe kafin su watse neman abinci suna kiran juna, da yamma in zasu koma bishiyar da suke kwana suna kiran juna, kuma murya ce da aka halitta don ta ratsa daji ta kai nesa, ba don falo ba. Minti goma ko sha biyar da hantsi da gab da magariba, wannan kamar carar zakara ce, duk wanda yace zai kawar miki da ita gaba ɗaya ba gaskiya ya faɗa miki ba. Na biyun shine wanda yake yi in kin fita ko kin ɗaga waya, wannan kiranki yake, yana tambaya ina kike. Tsuntsun nan shekara 26 da mutum ɗaya wadda bata zuwa aiki, tana gida kullum, rana ɗaya ta ɓace masa, aka canja masa ɗaki aka canja murya aka canja yare. Dole ya riƙa kira.

Inda matsalar ta girma shine amsar da yake samu. Ki duba abinda kika rubuta da kanki. In yayi shiru yana zaune ba wanda yake kallonsa, kowa na harkarsa. In ya ƙwala ihu kizo da gudu, ki kira sunansa, ki ɗauke shi, ki bashi gyaɗa. A wajensa ihu ne kuɗin da yake sayen ki da shi, kuma bai taɓa biya an hana shi kaya ba. Tsawar ma a kunnensa ba faɗa bace, shi gani yake kin amsa masa da irin yarensa, garke ya haɗu ana ihu tare.

Sai bacci. Daga sha biyun dare zuwa huɗun asuba awa 4 kenan, tsuntsayen nan kuma awa 10 zuwa 12 na duhu da shiru suke buƙata. Ko ɗan adam ne aka yi masa haka wata uku zai zama mafaɗaci. Ki nemi ƙaramin keji na kwana kawai ki saka a ɗakin da ba'a shiga, ki kaishi da wuri bayan magariba, labule mai kauri, ba wanda zai kunna masa fitila sai gari ya waye sosai. Wannan kaɗai na sha ganin ya rage rabin matsala a wajen masu aku.

Malam Mai Aku, watsa ruwa a fuska yana sa shiru a take, ban musa ba, amma abinda tsuntsun ya koya shine hannunka abin tsoro ne kuma ruwa azaba ne, alhali kokatu da aku masu ƙurar gashi ne suna buƙatar wanka akai akai. Daga nan ake samun cizo da fizgar gashin jiki. Ummu Fadila lulluɓi don bacci daidai ne, amma lulluɓi da rana tsaka don ya yi ƙara, sai da kika taso kika zo wajensa kafin ki yafa, to ya dai samu zuwan da yake nema.

Abban Sadiq:
Dakta duk naji bayaninka amma ni abinda ban gane ba, ance ƙasar tasu ce tsuntsayen nan, 'yan uwansa na yawo a gari. Me zai hana ta buɗe taga ta sake shi ya bi danginsa? Ihun nan fa ƙila neman 'yanci yake. Ni wlh tsare tsuntsu mai fiffike a keji shekara 26 ina ganin akwai zalunci a ciki, kar muje muna gyara abinda tun asali bai halatta ba.

Malam Abu Hafsa:
Abban Sadiq ka taɓo wajen da ya kamata a yi a hankali. Asalin riƙe tsuntsu a gida malamai sun halatta, hujjarsu hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da ya mutu Manzon Allah SAW ya riƙa tambayarsa abinda ɗan tsuntsun ya yi don ya lallashe shi, bai ce don me aka riƙe shi ba. Amma sharaɗi na nan, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta ɗaure ta bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ta nemi abinci ba. To ma'aunin shine haƙƙin dabbar, ci da sha da rashin cutarwa. Akwai kuma ruwayar Abu Dawud da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa tazo tana kaɗa fiffike, aka umarce su su mayar mata, wannan ya shafi masu kamo su daga sheƙa. Ita 'yar uwarmu ba ita ta kamo ba, amana aka bata. Tambayar da ta rage ta masana ce, in an sake shi zai rayu ko halaka shi aka yi.

Dakta Zariya:
Allah ya saka Malam. Ba zai rayu ba a mafi yawan lokuta. Tun yana tsako a kwano yake ci, bai san inda ruwa yake ba, bai san shaho ko kare ko mota ba, tsokar fiffikensa bata saba dogon tashi ba, kuma garken daji ba lallai su karɓe shi ba. Ga wata cuta ta baki da gashi da ƙwayar bairos ke kawowa wadda ta yaɗu a cikin kokatun daji a Ostireliya, gashi ya zube baki ya lalace, bata da magani. Sakinsa jefar da shi ne kawai.

Maman Ilham:
Wlh na daji suna nan da yawa, da yamma garke guda suke wucewa ta saman gidanmu suna ƙara, kuma yanzu da Dakta ya faɗa na lura daidai lokacin ne nasa na magariba yake tashi, ta taga yake hango su. Amma ko ƙofar baya na buɗe baya nufar waje, bayana yake bi har kicin da ƙafa.

Baban Zongo Kumasi:
Ni maganar Abban Sadiq ban yar da ita duka ba. Ga wannan tsuntsu dai a riƙe shi, na yarda. Amma mu da muke saye mu ma mu ji tsoron Allah. A nan Ghana dattawa suna bada labari da can aku garke garke ake gani a kurmi, yanzu sai ka shekara baka ga ɗaya a daji ba, binciken da aka yi ya nuna daga 1992 zuwa lokacin binciken ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta, saboda kamu da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kogonsu. Shi yasa a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannesbag aka hana cinikin aku mai jan wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Mutum zai gani a kasuwa yana magana ya burge shi ya saya, bayan wata biyu ƙara ta ishe shi ya tura shi bayan gida cikin rana.

Mai Aku Kano:
baba ni ba saidawa nake ba, guda biyu ne na gado kuma tare muke cin abinci dasu. amma maganar ruwa na karba dakta, dama daya daga cikinsu bata yarda in kai hannu, yanzu na gane dalili

Ɗalibi a Malesiya:
Slm. Sunan ma daga nan yankin ya fito, da yaren Malay kakatua ake cewa. Iri 21 ne, a Ostireliya da Indonesiya da Niu Gini da Filifin da tsibiran Solomon ake samunsu. Abinda Baba ya faɗa haka yake a nan ma, a 2015 an kama wani a tashar jirgin ruwa ta Surabaya da kokatu sama da 20 an cusa kowanne cikin robar ruwa. Anti irin naki kuma akwai wani bincike da ya fito a 2021 a kansu a Sidni ɗin da kike, sun koyi buɗe murfin kwandon shara da baki da ƙafa, kafin 2018 a unguwa 3 kawai aka sani, zuwa ƙarshen 2019 ya kai unguwa 44, suna koyo daga juna. Abinda nake so in ce, mai wannan ƙwaƙwalwar in aka ajiye shi ba aikin yi, abinci a kwano minti goma ya ƙoshi, sauran wunin me zai yi in ba ihu ba?

Dakta Zariya:
Ɗalibi ka riga ni. Maman Ilham kwanon nan da kike cikawa ki daina. Ki riƙa naɗe abincin a takarda, ki cusa a kwalin ƙwai, ki ɓoye a cikin rassa, ya sha wahala kafin ya samu kamar yadda na daji suke wuni suna tono. Ki samo masa ɗanyun rassan itacen turare wanda wasu ke kira zaiti, a can ai ko'ina akwai, wanda ba'a yi wa feshi ba, ya yi ta ɓarza, bakin da yake tauna baya ihu. Sanfulawa kuma mai ya yi mata yawa, yana kawo kitsen hanta da ƙullutun kitse, a hankali ki maida shi kan abincin aku na kamfani da ganye da karas da kabewa, sanfulawar ta zama lada kawai daga hannunki.

Sai babban aikin. Ba'a cewa tsuntsu yi shiru, don shiru ba abu bane da zai iya yi ya kira ki da shi. Sai dai ki bashi wani kiran a madadin ihun. Ki zaɓi sauti ɗaya mai daɗi da ya riga ya iya, fito ko wata kalma. Duk sanda ya yi shi, ko kina banɗaki ne ki amsa, in da hali kizo ki bashi ƙwaya ɗaya. In ya yi ihu kuwa kar ki amsa, kar ki kalle shi, kar ki shigo ɗakin, in kina ciki ki juya ki fita. Yana yin shiru ko na daƙiƙa biyar ne ko ya yi sautin nan, ki dawo da fara'a. Daga baya ki riƙa ja, daƙiƙa goma, rabin minti, minti. Kuma ki riga shi, kafin ki fita daga falo ki bashi abin tauna, kina kicin ki riƙa yi masa magana tun bai kira ba. Abban Ilham da Ilham dole kowa ya bi, in mutum ɗaya yana zuwa a kan ihu aikin ya rushe.

Hajiya Inna:
Ni dai banda fito dan Allah. Mu tun muna yara aka hana mu fito a cikin gida balle da daddare, kar a koya wa tsuntsu ya wuni yana yi a gidan musulmi. A koya masa sallama mana, akun maƙwabtanmu har amsa sallama take.

Maman Ilham:
Inna kin yi gaskiya nima fiton bai kwanta min ba. Akwai kalma ɗaya da yake faɗa a hankali, halo, kuma wlh da muryar tsohuwar yake faɗa, har rawar muryarta. Da daddare in gida yayi shiru nakan ji shi yana ta maimaitawa shi kaɗai. Ban taɓa amsa masa ba sai yanzu nake jin ba daɗi. Da ita zan fara, sallama ta biyo baya in Allah ya yarda.

Ummu Fadila:
Dakta nima in tambaya tunda ana ciki. Tawa gyaɗa ce abincinta da masara, kuma kakar yara takan ɓantara mata goro. Sannan kullum da yamma ina saka turaren wuta a falo inda take. Akwai matsala?

Dakta Zariya:
Akwai kam. Goro a daina yau, sinadarin da ke hana mutum bacci a cikinsa irin na kofi da shayi ne, yana bugar da zuciyar tsuntsu. Haka fiya da cakulan, guba ne a wajensu. Gyaɗa in ta sha danshi tana yin funfuna mai dafin da ke lalata hanta, ki zaɓi mai kyau busasshiya kuma kaɗan, ki ƙara mata ganye da karas da ɗan kwakwar manja wadda dama abincinsu ce a kurmi. Turaren wuta kuwa da maganin sauro na kunnawa da na fesawa, numfashin tsuntsu ba irin namu bane, bayan huhu suna da jakunkunan iska a jiki, hayaƙin da ke baki ƙamshi ita yana iya kwantar da ita. Ki fitar da ita kafin ki saka, sai iska ta wanke ɗakin. Maman Ilham ke kuma ki kula da kaskon suya mara kamu, in ya yi zafi fiye da kima tururinsa yana kashe tsuntsu cikin mintuna.

Na manta maganar shafa. Kai da wuya kawai. Baya da ƙarƙashin fiffike a wajensu sai abokin aure ke taɓawa, kuma a kudancin Ostireliya daga Agusta zuwa Janairu lokacin sheƙarsu ne, kina cikinsa yanzu. In ya ɗauke ki matsayin matarsa ba zai yarda ki fita daga ɗaki ba, zai iya fara cizon Abban Ilham ma. Kar ki bar shi yana shiga ƙarƙashin kujera ko cikin kwali mai duhu. Kuma ki kaishi wajen likitan tsuntsaye a auna nauyi a ɗebi jini, ciwo ma yana sa ihu, su kuma gwanayen ɓoye ciwo ne.

Maman Ilham:
Jama'a yau kwana biyar da farawa kuma abin ƙaruwa yayi. Jiya minti 25 yana abu ɗaya ina tsaye a kicin ina hawaye, Abban Ilham yace wannan wace irin shawara ce. Baccin dai ya gyaru, mun maida shi ɗakin wanki da daddare, asuba yanzu lafiya lau muke sallah. Amma na rana ya fi da. Dakta ko dai Abban Sadiq ne da gaskiya?

Abban Sadiq:
Ni ba so nake gaskiyata ta fito ba Hajiya, tsoron takardar nan ta ƙofa nake ji miki.

Dakta Zariya:
Ki daure, wannan ƙarin alama ce ya lura an canja. Wanda ya saba yana ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya a buɗe, ranar da ba'a buɗe ba ai dukanta zai yi da ƙarfi kafin ya haƙura. Haɗarin ɗaya ne, in kika jure minti 24 kika je a na 25, kin koya masa cewa sabon farashi minti 25 ne. Amma ki duba ɗaya ɓangaren, sau nawa kika amsa halo jiya? In bai kai sau ashirin talatin ba to kin rufe masa ƙofa baki buɗe wata ba. Ki zauna kusa da shi da ƙwayoyi a hannu ki faɗa, ya faɗa, ki bashi, ki matsa taku biyu, ki sake, har ki kai bakin ƙofa, har ki ɓace masa na daƙiƙa biyu. Damuwar Abban Sadiq kuma gaskiya ce, kije wajen maƙwabcin da kanki ki gaya masa abinda kike yi, ki nemi sati shida.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan sati shida da kwana biyu. Maƙwabcin mun je ni da Abban Ilham da ɗan cincin ɗinmu, ashe direban babbar mota ne da dare yake aiki, na asuba da na hantsi ne suke hana shi bacci, na yamma bai dame shi ba don lokacin ya fita. Ya san tsohuwar ma, bai san tsuntsunta bane a wajenmu.

Likita ya ganshi, yace yayi ƙiba kuma gwajin jinin ya nuna hantar ta fara gajiya, yanzu muna kan canja abinci, karas yana ci, ganye har yau jefarwa yake. Littafi na ajiye ina rubutawa kamar yadda muke wa marasa lafiya, satin farko ihun rana yakan kai sau 14 zuwa 18, wannan satin bai wuce 3 ko 4 ba kuma gajeru. Na magariba yana nan daram in 'yan uwansa sun wuce, na daina yaƙi da shi, ina rufe tagogi in barshi yayi minti goman sa, wani lokacin in fesa masa ruwan wanka kafin lokacin sai ya shagala da gyaran gashi. Waya ce har yanzu bamu shawo kanta ba, ina cewa salamu alaikum Umma zai fara, sai na tanadi reshe ko kwalin ƙwai kafin in kira gida. Ranar da na yi aikin dare uku a jere kuma ya koma baya sosai sai da muka sake kwana huɗu. Halo kuwa yanzu ta zama kiran gidan, Ilham daga ɗakinta take amsa masa, Abban Ilham da yace a kaishi wani wajen shi ke yanko masa rassa ranar Asabar. Inna sallama ya kama rabi, salam yake cewa ya tsaya.

Ɗalibi a Malesiya:
Masha Allah Anti. Ki shirya zama dashi fa, akwai wani kokatu mai suna Cookie a gidan zoo na Brookfield a Chicago da ya mutu a 2016 yana da shekara 83. Naki a 26 ko rabi bai yi ba.

Abban Sadiq:
Alhamdulillah, na janye maganar icce. Ta keji dai ina nan a kan bakana, kar wanda ya karanta wannan yaje ya sayo.

Maman Ilham:
A kan wannan bakinmu ɗaya Abban Sadiq, ko ni ba zan saya ba. Dakta tambaya ta ƙarshe, gidan tsofaffin sun ce ana iya kawo dabba ziyara in an sanar dasu, ɗiyar tsohuwar ta kira ni tace kullum sai ta tambayi Cali. Ina so in kaishi amma ina tsoron ya ganta ya dawo ya rikice mu koma gidan jiya.

Dakta Zariya:
Zai iya yin kwana biyu uku yana kira fiye da yadda ya saba, ki riƙe tsarinki kar ki canja komai zai sauka. Ki saba masa da ƙaramin kejin tafiya tun kafin ranar, ki yafa masa zani a mota, ziyarar kar ta wuce rabin awa, kuma ki tafi da ƙwayoyin lada ki bata ta bashi da hannunta in yace halo.

Maman Ilham:
To shikenan, na kira su sun bamu Asabar ƙarfe goma na safe. Ilham tace ita zata riƙe kejin.